Na Biyar

A shagon abincin Ingrid, inda titi ya ratsa gonakin masara,
Nuwamba ta shigo Wisconsin da haƙoranta a waje,
muka zauna mu uku.
Gwiwoyi sun yi ritaya, bakuna sun ƙi.

Wendell ya doki tebur har cokali ya yi tsalle:
"Brekke! A daina ɓata yawu.
Kofi tara a shekara goma sha huɗu.
Ku je kwalejin ku ƙirga, suna nan cikin gilashi,
ba ni na ƙera su ba."

Thurman ya hura gahawa, bai ɗago ba.
"Ka ƙirga kofuna, to wa zai ƙirga ƙafafu?
Yara nawa ya karya wa ƙwauri kafin su kai ashirin?
Mil ɗari a mako, ko doki ya yi ƙara.
Ni Dolores Quintana na sani.
Ta tarar da kwaleji ba fili, ba bas, ba ko usur,
ta ɗebo 'ya'yan masu tatsar madara,
ta maishe su abin tsoro a jiha uku."

"Sau nawa ta ci?"
"Sau biyu."
"Biyu!" Wendell ya yi dariya har tari ya kama shi.
"Kowa ya ci zomo ya ci gudu," in ji Thurman,
"amma wani da karnuka ya fita, wani da hannu."

Suka ja, suka ja.
Aka tono lakar shekarar saba'in da takwas,
aka tono wanda ya sayo yaran wani da tallafin karatu,
aka tono wanda takalminsa ya maƙale a taɓo
ya ƙarasa da safa ɗaya.
Ƙwai ya huce a faranti.

Sai suka juyo: "Gideon, raba mu."

Ni kuwa na biyar ne a ƙungiyarmu.
Wanda bai yi tseren ratsa daji ba, ga yadda lissafin yake:
bakwai ke tashi, biyar ake ƙirgawa,
ko na ɗayanku iska ne,
sai na biyar ya iso a san abin da kuka samu.

Kocinmu, Lyle Ostrander, kimiyyar ƙasa yake koyarwa.
Babu sunansa a jikin kowane bango.
Ba ya tsayawa a layin ƙarshe wurin masu hoto.
Can yake zuwa mil na huɗu, cikin itatuwa,
inda ba tafi, ba tuta,
inda miya ke ƙarewa a san maci tuwo.

Ran nan ƙanƙara na tsinka fuska,
huhuna kamar an zuba garwashi,
na hango hularsa ja a gindin tudu.
Bai yi ihu ba. Ya ce,
"Mutum biyu, Gideon. Biyu kawai."

Na wuce ɗaya.
Ɗayan, mai koriyar riga, har yau ina ganin ƙeyarsa.
Maki ɗaya ya raba mu da zuwa gasar ƙasa.

A bas kowa ya juya wa taga fuska.
Ya taho yana dafa kujeru, ya zauna gefena,
ya ɓare lemo da babban yatsa,
ya miƙo min rabi,
ya ce, "Litinin, ƙarfe shida. Kada ka manta safar hannu."
Shi ke nan.

Wendell ya ce, "Wannan ba hujja ba ce."
Na ce, na sani.
Thurman ya ce, "To wa ka zaɓa?"

Ingrid ta ajiye takardar kuɗi a tsakiya.
Ta taga, yara bakwai suka gifta, numfashinsu na hayaƙi,
huɗu a dunƙule, sai tazara.
Na goge gilashi da hannun riga
ina neman na biyar.