Abin da Mahaƙin Rijiya Ya Sani

Shekara talatin da ɗaya ina shiga cikin ƙasa
ina fitowa da raina.
Ni ne Barmo na Pitowa.
Daga nan har gindin dutsen Tingilin
da wuya ka leƙa rijiyar da babu sawun diddigena a bangonta.

Jiya da la'asar Sali ya goya tankin feshi,
ya bi gonar audugarsa kunya-kunya.
Murfi biyu a ruwa, in ji shi, ciyawa ta ga ta kanta.
Kafin isha hadari ya taso daga gabas,
ruwa ya kwana yana zuba.

Da safe ya zo yana cizon yatsa:
"Kuɗina sun tafi, ruwa ya wanke."
Na ce, sun tafi ina?
Ƙasa ba ta da ƙofar baya, Sali.

Gonarka jigawa ce,
jigawa kuwa rariya ce, ba ta riƙe amana.
Abin da ka ba ta da hantsi,
kafin azahar ta miƙa wa na ƙasa da ita.
Na sha haƙa irinta:
gaba uku, gaba huɗu, danshi ya tarye ni.

Baƙar lakar karal, inda muke dasa masakwa,
marowaciya ce.
In ta kama sai ta damƙe,
ta kwanta da shi wata da watanni.
Amma ka ga bakinta da rani,
yadda take dārewa har ƙafar akuya ta faɗa?
Ta nan ruwan fari ke zurarewa ba sallama,
da duk abin da ya ɗauko.

Fako ba ya sha.
Turawa yake, gangare-gangare,
har mayo, inda yaranka ke lalubar tarwaɗa.

Makwantar shanu kaɗai na gani,
inda taki ya daɗe ya zama ƙasa,
tana riƙewa, tana taunawa a hankali.

Rijiyar Gwaggo Dudu taku arba'in ce daga iyakarka.
Ni na haƙa ta, shekarar da aka haifi Asta.
Ɗazu na ja guga, na ɗaga shi ga hasken rana:
garau,
ba wari, ba launi.
Da ya yi wari da hankalina ya fi kwanciya.

Na daɗe tsaye da gugan a hannu.
Sannan na kurɓa,
don ƙishi ba ya jiran amsa.