Giɓi a Takardar Malama Hazel

Daren Talata a Grimsby, ɗakin sama na laburare,
hita tana tari, tagogi suna gumi.
Mu tara, kowa da warin abin da ya wuni a kai:
Vytas ƙarnin kifi, Domingos man suya,
ni kuwa sabulun asibiti da ya ƙi barin farcena.

Malama Hazel ta raba takarda.
Jimla ɗaya ce, da giɓi a tsakiya kamar an cire haƙori,
tsakanin aikina da asibitin.
Ta ce mu cike da ɗaya: "at", ko "in", ko "for".
Ba su kai tsinken ashana tsawo ba,
amma tsakuwar da ke cikin takalmi
ai ba girmanta ke sa ɗingishi ba.

Ta ce "at" ɗigo ne a kan taswira,
inda za ka ce wa direban bas ya tsaya.
"In" bango huɗu ne da rufi,
ko sana'ar da ta haɗiye mutum har wuya.
"For" kuwa na mai biya ne,
wanda sunansa ke saman takardar albashi.
Sai ta ɗaga kafaɗa, ta ce wani lokaci duka ukun daidai ne.
Vytas ya jefar da biro, ya yi ashar da yarensu.

Na dubi giɓin, giɓin ya dube ni.

Ƙarfe goma nake shiga, ta ƙofar baya,
inda ake fitar da shara
da waɗanda kwanansu ya ƙare.
Na san hawa na uku kamar yunwar cikina:
famfon da ke ɗiga, tayar gadon da ke kuka.
A ciki nake, wannan ba gardama.
Amma kuɗina daga Leeds suke zuwa,
daga ofishin da ban taɓa ganin ƙofarsa ba,
sai muryar wata Gemma a waya.
Ranar walimar ma'aikata aka duba katin wuyana:
nasu shuɗi, nawa kore.
Na koma wa bokitina, ina jiyo tafinsu ta bango.

Akwai wani tsoho a gado na sha huɗu, Mista Blanshard,
shekara talatin yana jan koma a tekun arewa.
Barci ya yi masa ƙaura.
In tsumman gogena ya zo wucewa sai ya naɗe ƙafafu,
alhali yana kan gado.
Wani dare ya tambaye ni wa nake yi wa aiki.
Na ce Sorin, ɗana, yana Cahul wajen kakarsa,
takalminsa na ƙanƙancewa duk wata shida.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya ce, "Ilinca, ba abin da na tambaya ba ke nan,
amma ban ga kuskure a Turancin ba."

Ran Juma'a na tarar an sauya zanen gadon.
Na goge ƙarƙashinsa sau biyu.

Sai na cusa duka ukun a giɓin,
suna hawan juna kamar fasinjojin safiya.
Malama Hazel ta tsaya a kaina, jan bironta a sama,
ta karanta, ta sake karantawa,
ta ce a jarrabawa ɗaya kawai ake karɓa.

Tara da kwata. Bas ba ya jiran mai tunani.
Na soke biyu, na bar "at",
wadda ko direba zai gane.
Sauran na sauka da su matakala,
na fita cikin yayyafi,
iskar teku tana tura ni wajen aiki.