Darasin Laraba a Rayfield

Ran Laraba bayan la'asar
nake sauka daga keke a mahaɗar Rayfield,
jaka a hammata, jar laka a takalmi.
Dung maigadi ya daina tambayata wurin wa na zo.
Shuyan tana kan tebur tun kafin in iso,
fensir uku a fiƙe,
shayi a kofi, ba madara, ba sukari.
Na kurɓa don kunya.
Wata huɗu ke nan ina kurɓa don kunya.

Shekarunta sha shida.
Ubanta yana Bukuru yana auna duwatsu,
jarrabawa kuma tana jiranta a watan Yuni
cikin harshen da ba na uwarta ba,
ba kuma na tawa uwar ba.

Kalmomi kam ta fi ni, wallahi.
Ta haddace ƙamus har ya yi laushi kamar tsumma.
Amma in ta jera su a takarda
sai su yi cirko-cirko,
kamar fasinjojin da mota ta lalace da su a hanyar Akwanga,
kowa da kayansa, ba mai magana da wani.

Jiya da yau da gobe, riga ɗaya take sa musu.
Na ce, Turanci bai yarda ba,
aiki in ya wuce sai an ɗaura masa jela.
Ta ce, Malam Tanimu, mu a wurinmu
ka ce jiya kawai, kowa ya gane.
Na yi shiru.
Mu ma ai ɗan rakiya ke ɗaukar mana kayan lokaci,
aikin kansa bai cika motsi ba.

Harshenta na tuntuɓe tsakanin ra da la.
Rannan na gyara mata sau biyar,
sai ta sunkuyar da kai tana danne dariya:
ashe ni ma tun ɗazu
fa nake faɗi inda Bature ke rufe leɓe.
Na tuna firamaren Gangare,
da monita mai rubuta sunan duk wanda Hausa ta kuɓuce masa,
da yadda na yi shekara guda ban ɗaga hannu ba.
Ban gaya mata ba.
Na dai ajiye jan biro.

Sai hadari ya taso daga wajen Shere.
Ƙanƙara ta fara dukan kwano,
ba mai jin wani.
Na rufe ƙamus, na ɗora kofin shayi a kansa,
na nuna mata taga, na nuna mata takarda.

Ta daɗe tana cizon fensir.
Sannan ta rubuta kakarta,
wata tsohuwa a can ƙauyensu
mai shanya barkono a kan rufi,
wadda ranar da aka yi irin wannan ruwa
ta kifa tasa a ka, ta hau tsani,
tana zagin sama, tana kwashewa.
Ta rubuta cewa tsanin yana nan har yanzu,
ba mai hawa.

Kuskure goma sha ɗaya na ƙirga.
Sai da na karanta sau biyu kafin in tuna da ƙirgar.
Na gyara su, aikina ke nan,
masu jarrabawa ba su san kakar kowa ba.
Amma a hankali na ja layukan.

Da ruwa ya tsagaita ta ce,
wannan da ya faɗo, me kuke ce masa?
Na ce ƙanƙara.
Ta gwada, ƙa ɗin ya maƙale mata a wuya.
Ta sake. Har Dung ya leƙo.
Sai ta jawo littafina,
ta zana mini nasu sunan a bangon baya,
wani ɗan gida mai rufi da ɗigo huɗu a ciki.

A keke, hanyar Taminus,
ina ta juya shi ƙarƙashin fitilar waya.
Na manta yadda ake faɗinsa.
Laraba mai zuwa ni zan fara tambaya.