Rabin Kifi

A Siyu, bayan gidan kakata Mwanakombo,
wata tsohuwar igwa na kwance cikin yashi,
bakinta cike da ɓawon kwakwa.
Wai ta taɓa korar jiragen yaƙi.
Yau jakinmu ake ɗaurewa a wuyanta,
shi kuwa ko a jikinsa.

Ina yaro na ɓamɓaro guntun tangaran
daga bangon wani dogon kabari,
fari, da shuɗin zane: rabin kifi, ba kai.
Kaka ta buge mini hannu,
sannan ta ɗaga guntun ga rana, ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "Daga Sin ya zo.
Mai shi ya ci shinkafa a ciki,
ya sha ruwan teku ya ƙoshi."
Ban gane ba sai da na yi gemu.

Malam Bwanaheri ya koya mana
sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe;
na haddace, na ci jarrabawa, na zubar.
Amma wa ya zana kifin nan?
Da hantsi ne ko da fitila?
An biya shi kuwa?

Iskar arewa ta kawo, ta kudu ta kwashe,
abin da ya rage shi ne rabonmu:
igwa ga jaki, kwano ga mamata.

Jiya na je mayar da guntun gurbinsa.
Bai zauna ba; bango ya zaizaye,
ramin ya fi shi girma.
Na dawo da shi a aljihu,
ni da rabin kifi, muna cigiyar kai.