Ƙofa ta Biyu

Ɗaki tara ne masaukinmu a Kumo,
na taran ma yoyo yake da damina.
Janareto ɗaya mai tarin tsofaffi,
bokitai shuɗɗa, da fanka mai girgiza kai
kamar ba ta yarda da zancen da ake yi ba.
Sai waya, 'yar ƙarama, an ɗaure bayanta da roba,
lambarta na jikin allon bakin titi
da jan fenti, bakwai ɗin ta fara gogewa.

Ran da Baba Gidado ya damƙa mini ita
ya ce, "Tinau, ƙofar masauki biyu ce.
Waccan ta ƙarfe, ko kare ya iya gadinta.
Wannan ce baƙo ke fara ƙwanƙwasawa."
Na ce to,
irin to ɗin yaro, wanda ba ya wuce leɓe.

Daren wata Laraba, tsakiyar Agusta,
ruwa kamar da bakin ƙwarya,
na jefa ta aljihun tebur, na ja,
na tsallaka rumfar Manga mai shayi.
Ana ƙwallo. An zura mana biyu,
muna ta ihun a rama, ba a rama ba.
Wa zai nemi ɗaki cikin wannan ruwa?

Da asuba na buɗe aljihun.
Kira bakwai, lamba ɗaya,
daga sha ɗaya da kwata zuwa ɗaya saura.
Na bi kiran, ina shirya ƙarya a baki.

Muryar namiji ce, a dishe.
"Ba komai," in ji shi, "mun kwana a mota,
a gidan man nan na shigowa gari.
Daga Cham muke. Wani direba ya ba ni lambar,
bai faɗa mini kwatance ba."
Can bayan muryarsa na jiyo tari,
siriri, na tsohuwa, mai tsayawa ya huta.
"Innata ce. Ƙarfe takwas za a wanke mata ƙoda a Gombe.
Na so ta miƙe bayanta ne kawai."

Daga gidan man zuwa ƙofarmu
ko allazi wahidi ba za ka gama shan rake ba.
Ɗaki biyar sun kwana wayam,
barguna a ninke, makullai a ƙusa.
Ya ce, "Allah ya ba da kasuwa," ya kashe.
Da zagina ya yi, da na samu abin riƙewa.

Yanzu a aljihun gaban riga take kwana,
inda kiranta ke bugun ƙashin ƙirji.
Ba kowane kira ne mai nauyi ba.
Wani ruwan zafi yake tambaya,
wani ragi yake nema tun bai ga gadon ba,
akwai mai neman Asabe mai dillancin wake
duk ran kasuwa, shekara biyu ke nan,
na gaji da ce masa ba nan ba ne, har mun saba gaisawa.
Wata ta manta ɗan kunne ƙarƙashin matashi.
Ina ɗauka.
Da loma a baki ina ɗauka.

Manyan otal na da fitilun da ke kira daga nesa,
mu sallama ce jarinmu.
Mai kira da dare bai san launin bangonmu ba,
yana cikin duhu, hannu ɗaya a sitiyari,
yana ƙirga ƙarar da ke tafiya ba ta dawowa.

Na sayo jan fenti da kuɗina,
na sake rubuta bakwai ɗin.
Lambar mutumin Cham na nan, ban goge ba.
Sau da yawa nakan kai yatsa in tambayi jikin Inna,
sai in fasa.