Ɗakin Duhu a Puerto Montt

Jirgin ruwan asuba ne ya kawo su daga tsibiri,
kwalabe goma sha tara cikin akwatin ƙanƙara,
kowace da suna, kowace da jar hula.
Ni ne mai karɓa, Baldomero Oyarzo.
Shekara ashirin da biyu ina karanta jinin
mutanen da ko gaisawa ba mu taɓa yi ba.

Inji ya wulwula su har jini ya rabu biyu,
ja ya kwanta ƙasa,
ruwan ɗorawa ya taso sama.
Na saman nake so.
A cikinsa dakarun jiki suke yawo,
masu gadin da aka ɗauka tun ana cikin zanen goyo,
aka ce musu: ku tare baƙo, ku ƙyale ɗan gida.

Na ɗiga shi a gilashi, na zuba rini, na jira.
Na kashe fitila.
A waje ruwan sama yana dukan kwano kamar yana bin sa bashi.

Ta ɗaya, duhu. Ta biyu, duhu.
A wannan ɗaki duhu albishir ne.
Ta goma sha ɗaya kuwa, ina sa ido a madubi
sai ga gari ya kama da koren haske,
ɗigo-ɗigo, zane kamar na jikin zabuwa,
kowace ƙwaya ta kunna aci-balbal a tsakar cikinta.
Kyau har ya ba ni kunya.

Na sirka sau tamanin, yana nan.
Sau ɗari da sittin, yana nan.
Ɗari uku da ashirin, ko gezau.
Sai a dubu da ɗari biyu da tamanin
ya fara lumshe ido,
shi ma ba da son ransa ba.

Na kunna fitila na duba suna.
Nelda Cárcamo, Dalcahue, shekara arba'in da shida.
Na dubi ƙirjina.
Rigar ulun da ke jikina a rumfarta na saya,
damina uku da suka wuce.
Na tuna tana ƙirga mini canji,
yatsunta fari fat kamar kyandir,
tana hura musu iska tana dariya,
wai sanyin teku ne, wai gado ne, uwarta ma haka.

Likita ya rubuta a gefen takarda da ƙaramin rubutu:
shekara shida tana zuwa.
Gaɓoɓi, zazzaɓin yamma, gashi a matashi,
jan tabo a kunci in ta sha rana.
An ce gajiya ce. An ce tunani ne.
Wani ya ce ta rage saƙa.

Da ɗan gari akan ci gari, Nelda.
Ba bango ne ya tsage ba, ba ƙadangare ne ya shiga ba.
Maigadinki ne ya manta fuskarki,
ya haska ki da tocila a ƙofar ɗakinki
yana tambaya, wace ce ke?

Amma ni ba alƙali ba ne.
Na ga wannan haske a jinin mai lafiya garau,
wanda ya tsufa yana jan taru bai taɓa sani ba.
Haske shaida ɗaya ne, kuma shaida ɗaya ba ya yanke shari'a.
Saura gwaji na biyu ranar Alhamis,
saura fitsari, saura abin da ƙoda za ta ce.

Na rubuta lamba. Na rubuta siffar zane. Na sa hannu.
Gobe takarda za ta haye ruwa ta koma tsibiri,
wani zai zaunar da ita ya ce,
wataƙila abin nan yana da suna.
Ban sani ba ko kuka za ta yi
ko ajiyar zuciya.

Zare ɗaya ya warware a bakin hannun rigata.
Na kai almakashi, na fasa.
Na tura shi ciki da ɗan yatsa,
na kashe fitila,
na ɗauko ta goma sha biyu.