Daɓen da Ba Ya Rawa

A Goban, bakin kogin Kilaid,
inda dā ake ƙera jiragen ruwa,
nan muka kafa turaku.
Haƙan farko ya tono ƙusa mai kaurin yatsa,
da rabin takalmi, da cokalin shayi da tsatsa ta lashe.
Fargus mai ƙugiya ya jefa cokalin aljihu,
ya ce wa ya sani, ko na kakansa ne.

Ni aikina ɗaya: kada ƙasa ta motsa.

Jirgi na bi ta ƙarƙashinmu kamar ɓera a rufi.
Mutum ba ya ji,
amma madubin da za a girke a hawa na uku yana ji,
shi da zai leƙa cikin ƙwayar halitta,
tarin wani a bakin ƙofa ya isa ya ruɗa shi.
Sai muka zuba kankare mai kaurin tsayin yaro,
muka aza shi kan roba da murɗaɗɗen ƙarfe
yadda ake aza tulu kan gammo.

Ruwan garin nan bai san hutu ba.
Ya shiga wuyan riga, ya shiga burodin rana,
ya wanke alamar alli kafin a kawo ma'auni.
Tomash mai walda, ina kallo,
ya rubuta sunan 'yarsa a cikin bututu
sannan ya rufe da wuta.
Ban kai ƙara ba.

Da dare nakan ajiye kofin ruwa a tsakar ɗaki,
in durƙusa, in jira jirgin ƙarshe.
Na'ura tana da nata lissafin,
ni fuskar ruwan nake son gani.
Wata uku yana yamutsa mini fuska.
Daren Talatar nan ya yi tsit,
har na ga fitilar sama zaune a ciki, ba ta ko ƙifta ido.

Na kira babana, Tanko magini,
wanda da tafin ƙafa yake gane kwaɓi ya nuna.
Ya ce, taga nawa?
Na ce, ɗari biyu da 'yan kai, ba wadda ake buɗewa.
Ya yi shiru har na duba ko kati ne ya ƙare.
To ta ina gidan ke shan iska?

Na ce huhunsa na kan rufi.
Iska sai an tace ta kamar koko take shiga,
sai an sake tace ta take fita.
Ƙofofi tagwaye ne, ɗaya ba ta buɗewa
sai 'yar'uwarta ta kama baki.
Babu lungu, duk kusurwa an lanƙwasa ta
don kada ƙura ta sami wurin zama.

Ya ce, wannan ƙirji kika gina, Tasalla, ba gida ba.
Wa zai kwana ciki?
Na ce, abin da ido ba ya gani.
Ya ce, to Allah sa su san haƙƙin maƙwabci.

Ba mu ambaci Ɗanlami ba,
ƙanena da sikila ta ɗauke yana aji biyar.
Amma na ji babana ya gyara murya,
ya ce, a gyara daɓen da kyau.

Watan gobe katin wuyana zai daina buɗe ƙofa.
Masu farar riga za su zo da akwatunan sanyi,
ba wanda zai tambayi wa ya hana ƙasa motsi.
Ni kuwa zan shiga jirgi da jakar kayan miya,
in bi ta ƙarƙashinsu ina tsaye, riƙe da ƙarfe,
can sama ɗigon ruwa na zaune kan gilashi,
bai san na wuce ba.